Tsarewa Babu Wa'adi: Abin da Ke Bayan Ƙofar Illela

Daga Illela zuwa Birnin Ƙonni tafiyar 'yan mintuna ce a kan kabu-kabu. Mutumin Illela yakan ci kasuwar Ƙonni ya dawo gida ya yi la'asar, mutumin Ƙonni kuma ya koro shanunsa zuwa kara ranar Lahadi, ba wanda yake ganin ya fita ƙasar waje. Amma titin nan da ya taso daga Sakkwato bai tsaya a Ƙonni ba. Ya wuce Tawa ya kai Agadas, a can ya rabu biyu: ɗaya ya bi Arlit da Assamaka ya shiga Aljeriya, ɗaya ya bi Dirku da Madama ya faɗa Libiya ta Gatrun da Sabha. Ba a san Illela da manyan gidajen tsare baƙi ba, ƙofa ce kawai. Sai dai akwai 'ya'yan mutane da dama da ke kwance yau a kulle a Tarabulus da Zawiya, wata da watanni, waɗanda ta wannan ƙofa suka fita.

A ɗauki mutum biyu daga ƙauye ɗaya a ƙasar Sabon Birni, waɗanda 'yan bindiga suka kora a dare ɗaya. Na farko ya kwashi iyalinsa ya tsallaka Gidan Rumji a jihar Maraɗi. Tun 2019 ake wannan kwarara, kuma Nijar ta karɓi masu zuwan a dunƙule a matsayin 'yan gudun hijira, ba tare da an zaunar da kowa an yi masa tambayoyin ƙwaƙwaf ba. Zuwa watan Maris na 2021, hukumar UNHCR ta ce 'yan Najeriya da ke gudun hijira a jihar Maraɗi sun kai 77,000. An mayar da wasunsu Ɗan Daji Makau da Garin Kaka da Cadakori, nesa da iyaka, inda suke zaune kafaɗa da kafaɗa da 'yan gari, asibiti ɗaya, famfo ɗaya. Rayuwa ce ta wahala, amma ba wanda ya rufe musu ƙofa da kwaɗo.

Na biyu ya ce zaman jiran tallafi ba nasa ba ne. Ya biyo ta Illela, ya kwana a geto, wato gidan da ake tara matafiya, a Agadas, ya hau bayan Hilux ranar Litinin da jarkar ruwa da sanda tsakanin cinyoyinsa don kada ya faɗo, ya sauka Libiya. Abin da ya koro shi shi ne ya koro ɗan'uwansa, amma a can ba mai tambayar wannan. Libiya ba ta sa hannu a yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ba, ba ta kuma da wani ofishi da ake shigar da neman mafaka. UNHCR da ke aiki a ƙasar, 'yan ƙasashe ƙalilan aka yarje mata ta yi wa rajista, irin su Sudan da Eritiriya da Somaliya da Habasha da Siriya. Najeriya da Nijar ba sa ciki. Don haka mutumin Sabon Birni baƙon haure ne kawai, kuma doka mai lamba 19 ta 2010 ta tanadar masa ɗauri da aikin wahala da kora, ba ta faɗi ranar da zaman jiran korar zai ƙare ba.

Nan ne bambancinsa da fursuna. Wanda alƙali ya ɗaure shekara biyu yana ƙirga kwanaki, kowace safiya tana rage masa ɗaya. Wanda hukumar shige da fice ta tsare, sau da yawa ko gaban alƙali ba a kai shi ba, don a takarda ba hukunta shi ake yi ba, ajiye shi aka yi kafin a san yadda za a yi da shi. Likitocin da suka yi aiki a irin waɗannan wurare bakinsu ya zo ɗaya cewa rashin sanin ranar fita na cin mutum kamar yadda yunwa da ƙazanta suke cinsa: barci ya ƙaurace, mutum ya daina magana, wani ya fara neman hallaka kansa. A ra'ayina duk wani taimako da za a yi wa waɗannan mutane, idan bai taɓo abu biyu ba, wato a san sunan mutum a waje kuma a sa wa zamansa iyaka, to sadaka ce mai kyau amma ba ta buɗe ƙofa.

Me ke sa zaman ya yi tsawo? Mafi yawa takarda ce. Ba a saka mutum a jirgi sai wata ƙasa ta ce nata ne, ta ba shi takardar tafiya. Bahaushe bai buƙatar dogon bayani a nan, don ya san tarhil, ya san Shumaisi da ke tsakanin Makka da Jidda. Wanda aka kama ba iƙama yakan yi makonni ko watanni yana jiran jami'in ofishin jakadanci ya zo ya tantance shi. A watan Janairun 2021, sai da hoton bidiyon 'yan Najeriya kwance a jere a ƙasa ya karaɗe wayoyi kafin aka tura jirage aka kwaso ɗaruruwansu. Waɗannan suna da ƙasar da za ta karɓe su, ko da ta yi jan ƙafa. 'Yan Rohingya da aka tsare a wannan Shumaisin ba su da ita: Myanmar ta ce ba nata ba ne, fasfon da suka shigo da shi kuma na aro ne, sai wasunsu suka shekara huɗu, biyar, a ciki, har suka shiga yajin cin abinci a 2019. Takarin da aka haifa a Makka, wanda bai taɓa ganin Kano ba kuma ba shi da takardar ko'ina, yana iya faɗawa irin wannan rami.

Mai neman mafaka kuwa nasa ya fi na kowa ɗaurewa. Ɗan ci-rani idan ya gaji yakan ce a kira jakadansa. Shi kuma wanda ya gudo daga gwamnatinsa, jakadan ne mutum na ƙarshe da yake so ya san inda yake. Gaba kura, baya sayaki. Saboda irinsa ne yarjejeniyar 1951 ta hana a hukunta mai gudun tsira don ya shigo ba izini, ta kuma hana a mayar da shi inda ransa ke cikin haɗari. Yarjejeniyar Afirka ta 1969 da aka ƙulla a Addis Ababa ta ƙara faɗaɗa abin, ta shigar da wanda rikici da rushewar zaman lafiya suka kora, ba sai wanda ake farautarsa shi kaɗai ba. Libiya ta amince da wannan ta biyun, amma amincewar ba ta wuce takarda ba.

Sannan akwai kuɗi. A Libiya gidajen tsarewa iri biyu ne, ko da yake katangar da ke tsakaninsu gajera ce. Akwai na hukuma, ƙarƙashin sashen yaƙi da shige da fice ba bisa ƙa'ida ba, waɗanda da yawansu mayaƙan sa-kai ne ke riƙe da makullansu. Akwai kuma na masu fasa-ƙwauri, wanda matafiya suka raɗa wa gidan bashi, inda ake ajiye wanda ya hau mota bai biya ba har sai danginsa sun aiko. Daga irin waɗannan wurare ake kiran gida. Waya ta yi ƙara da lamba mai farawa da +218, uwa ta ɗauka ta ji muryar ɗanta, kafin ya gama sallama an fara dukansa don ta ji da kunnenta, sai wani ya karɓi wayar, sau da yawa da Hausa ras, ya faɗi kuɗi ya ba da lambar asusun da za a zuba su, ya kashe. Washegari a sa gona a kasuwa, ko a kai shanun noma kara. Ba ni da bakin zargin wadda ta biya. Amma ya kamata a sani cewa wanda aka saki yau ana iya sake kama shi a shingen gaba, kuma muddin mutum a kulle yana kawo kuɗi, mai makulli ba shi da dalilin gaggawa.

Turai ma tana da hannu dumu-dumu. Tun yarjejeniyar Italiya da Libiya ta Fabrairun 2017, ana ba masu gadin tekun Libiya jirage da horo don su taro masu tsallakawa, waɗanda aka taro kuwa gidajen nan ake kai su. A daren 2 ga Yulin 2019, jirgin yaƙi ya jefa bam a gidan tsarewa na Tajura da ke gefen sansanin mayaƙa, mutum aƙalla 53 suka mutu a cikin ɗakin da ba su da ikon fita. A Zintan kuwa ba bam, tarin fuka da yunwa ne suka kashe fiye da 20 cikin watanni. A Maris na 2023, tawagar bincike ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce akwai hujjar cewa abin da ake yi wa baƙi a Libiya ya kai laifin cin zarafin bil'adama.

Bayan bidiyon cinikin bayi da CNN ta nuna a Nuwamban 2017, hanyoyi biyu suka faɗaɗa. Ɗaya ita ce jiragen hukumar IOM da ke mayar da mutane gida, kuma dubban 'yan Najeriya sun dawo ta nan. Ana kiranta komawa bisa raɗin kai, amma wanda aka ce masa ko ka sa hannu ko ka ci gaba da kwana a nan, zaɓin nasa kaɗan ne. Ga mai gudun 'yan bindiga, gidan da za a mayar da shi ma ƙila toka ce. Ɗaya hanyar ita ce ta kwaso waɗanda UNHCR ta yi wa rajista zuwa Nijar, a ajiye su a Yamai da Hamdallaye kafin wata ƙasa ta ɗauke su. Jirgin farko ya sauka a watan Nuwamban 2017 da mutum 25. Shiri ne da ya ceci rayuka, sai dai ƙofar fitarsa ƙarama ce: ƙasashen da suka yi alƙawarin karɓa suka yi ta nawa, har Nijar ta dakatar da shirin na ɗan lokaci a 2018.

A Agadas ne abin ya nuna wata fuska da ya kamata a tsaya a duba. 'Yan Sudan, yawancinsu mutanen Darfur, da suka kuɓuto daga Libiya da ƙafarsu suka nemi mafaka a Nijar, an tsugunar da su a wata cibiya mai nisan kilomita kamar 15 daga gari, a fili fetal. Ba a kira ta gidan yari ba, ba ta kuma da kwaɗo. Amma mutum ba aiki, ba amsar takardarsa, ba hanyar gaba, shekara na bin shekara. A Mayun 2018 an kwashi fiye da 130 daga cikin 'yan Sudan ɗin da ke Agadas aka kora su iyakar Libiya. A ƙarshen 2019 suka yi zaman dirshan a ƙofar ofishin UNHCR, aka tarwatsa su aka mayar da su cibiyar a farkon Janairun 2020, wuta ta cinye yawancin rumfunan, aka kama fiye da 300. A Satumban 2024 suka sake fara wata zanga-zangar lumana ta kullum, suna ɗaga ƙyallaye ana ɗaukar hoto ana turawa duniya. Mutanen Agadas suna da nasu ƙorafin, gari ne mai fama da kansa. Duk da haka darasin a fili yake, cire kwaɗo kaɗai bai isa ba idan ba a sa wa jiran rana ba.

Kada a ɗauka abin na ƙasashen da doka ta rushe ne kawai. Birtaniya ba ta da iyakar kwanakin da za a tsare baligi a gidan shige da fice. Tarayyar Turai ta sa wata 18 a dokarta ta 2008. A Japan, wani ɗan Najeriya ya mutu da yunwa a cibiyar Omura a Yunin 2019, yana yajin cin abinci bayan ya haura shekara uku a tsare. Inda aka samu sauƙi, sau da yawa kotu ce ta kawo shi, kuma da ƙarar mutum ɗaya akan fara. Kotun ƙolin Amurka a 2001 ta ce idan an wuce wata shida ba alamar za a iya korar mutum, dole gwamnati ta kawo hujja ko ta sake shi. Ta Ostireliya, a Nuwamban 2023, a ƙarar wani ɗan Rohingya, ta haramta tsarewar da ba ta da ƙarshe, aka saki fiye da mutum 140.

Akwai kuma Semira Adamu, wadda ya kamata a ce kowane ɗan Arewa ya san sunanta. 'Yar Kaduna ce, shekararta 20. Ta sauka Burasel a Maris na 1998 ta nemi mafaka, ta ce auren dole ta gudo wa, da wani tsoho mai shekara 65. Aka ƙi, aka kulle ta a cibiyar 127 bis kusa da filin jirgi. Wata ƙungiyar 'yan Beljiyam masu adawa da korar baƙi ta riƙe ta: suna magana da ita ta waya, suna kai labarinta jarida, ranar da za a kore ta su je filin jirgi su roƙi fasinjoji su ƙi zama har a sauke ta. Sau biyar ana yunƙurin korarta ana fasawa. A karo na shida, 22 ga Satumba, jandarmomi suka danna fuskarta a kan matashi a cikin jirgi har numfashinta ya ɗauke, ta rasu a asibiti a daren. Masu taimakon ba su cece ta ba, wannan gaskiya ce mai ɗaci. Amma da yake an san sunanta da muryarta kafin ta mutu, ministan cikin gida Louis Tobback ya sauka cikin 'yan kwanaki, aka haramta amfani da matashi, aka gurfanar da jami'an, ko da yake ɗaurin je-ka-gyara-halinka suka samu a 2003. Mutum 53 na Tajura, wa ya sauka saboda su?

Saboda haka aikin farko na mai son taimako shi ne rubutu. Cikakken suna, sunan uba, gari, hoto, ranar da aka kama mutum, sunan wurin da yake, lambar da aka kira da ita. Gidan da ya miƙa wannan ga sashen neman dangi na Red Cross ta Najeriya, ko NAPTIP da ke da ofishi a Sakkwato, ko hukumar 'yan Najeriya mazauna waje, ya fi wanda ya rufe bakinsa don kunyar a ce ɗansa ya tafi Libiya. Jami'in jakadanci ba ya neman wanda ba a ce masa yana nan ba. Da a ce a tashar Illela 'yan kamasho da shugabannin direbobi za su riƙa ce wa yaro ya bar wa gida hoton katinsa na ɗan ƙasa kafin ya hau, da an rage watannin tantancewa ga mutane da yawa. Wa'azin kada a tafi an sha yi, masu tafiya suna tafiya, musamman tun Nuwamban 2023 da gwamnatin Janar Tiani ta Nijar ta soke dokar 2015 da ta haramta jigilar baƙi.

Bayan suna sai lauya da mai tsayawa. Inda kotu ke aiki, alƙalin beli abu biyu yake tambaya: ina zai zauna, wa ya tsaya masa? A Ingila akwai ƙungiyar BID da tun 1998 ba ta da aiki sai wannan, da kuma masu ziyara da ke zuwa su zauna da mutum awa guda, su kawo katin waya, su lura idan ya rame su faɗa. Wannan ba sabon abu ba ne a Illela. Baƙon da ya kawo dabbobi kara yana da maigidansa, shi ke saukar da shi, shi ke cewa na san shi, idan wani abu ya taso a zo wurina, kuma a kan wannan kalma ake ƙulla cinikin miliyoyi. Abin da masana ke kira madadin tsarewa bai wuce haka ba, kuma ya fi ciyar da mutum a kulle arha nesa ba kusa ba. Yankin da ya san hijirar Shehu daga Degel zuwa Gudu a 1804, wanda kuma ake karanta masa yadda Najjashi ya ƙi miƙa Sahabbai ga 'yan aiken Ƙuraishawa, ba ya buƙatar a koya masa hakkin mai neman mafaka daga Janeba.

Matsalar ita ce filin masu taimakon yana ƙara tsukewa. A farkon 2025 Nijar ta umarci ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da ƙasa ta tattara ta fita, ita ce kuwa uwa a aikin shiga gidajen yari da haɗa dangi. A Afrilun shekarar Libiya ta rufe ofisoshin ƙungiyoyin agaji goma, har da ƙungiyar likitoci ta MSF. Moussa Tchangari, ɗaya daga cikin manyan masu kare hakkin baƙi a Yamai, an kama shi a Disamban 2024. Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025, a wannan watan kuma ta fito da sabuwar dokar shiga da zaman baƙi mai ɗauri da tara. A Assamaka, inda Aljeriya ke zubar da mutane a cikin rairayi kilomita 15 daga gari, ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga fiye da 30,000 a 2024 kaɗai, kuma da babur mai ƙafa uku take bi tana tsinto waɗanda ƙafarsu ta gaza.

Ƙofar Illela dai shiga ake yi kamar yadda ake fita, kuma wata rana wanda zai tsaya gaban jami'in shige da fice ya ce ina neman mafaka, daga arewa zai fito. Najeriya ta shiga yarjejeniyar 1951 tun 1967, tana da hukumar 'yan gudun hijira tun 1989, kuma sashe na 35 na tsarin mulki, da ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya ko biyu, bai ce ɗan ƙasa kaɗai ba. Aikin jami'in shi ne ya rubuta sunan mutumin ya miƙa shi ga hukumar, ba ya kulle shi ko ya juya shi baya ba. Ko za a yi hakan, tarihinmu na kusa bai ba da natsuwa ba. Ranar 5 ga Janairun 2018 aka kama Sisiku Julius Ayuk Tabe da abokansa, jagororin 'yan awaren Kamaru, a wani otal a Abuja. Akwai masu takardar gudun hijira da masu neman mafaka a cikinsu. Aka tsare su ba lauya ba dangi, kafin wata ya ƙare aka haɗa mutum 47 aka miƙa wa Kamaru. Lauyoyi irin su Femi Falana suka shigar da ƙara, a Maris na 2019 Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ta ce kamun da korar sun saɓa wa doka, ta ba da umarnin a dawo da su a biya su diyya. Ba a dawo da su ba. A watan Agustan shekarar, kotun soja ta Yawunde ta yanke wa Ayuk Tabe da mutum tara ɗaurin rai da rai.